Keke a Kan Farar Hanya: Darasin Kimiyya Daga Kwarurukan Tuskani

A ƙasarmu idan aka ce wa mutum hanyar garinsu ta burji ce, ba yabo aka yi masa ba. Hanyar burji ita ce mai ƙura da rani, mai taɓo da damina, ita ce kuma wadda ake yi wa alkawarin kwalta duk lokacin da zaɓe ya gabato. Saboda haka mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa akwai wani yanki a tsakiyar ƙasar Italiya inda jama'a suka dage kada a zuba wa hanyoyinsu na karkara kwalta. Yankin yana cikin jihar Tuskani, a kewayen tsohon birnin Siyena, inda kogunan Arbiya da Orciya da Ombrone suka ratsa tuddai masu alkama da inabi da garkunan tumaki. Hanyoyin da suka bi ta waɗannan kwaruruka na farar tsakuwa ne, shi ya sa mutanen wurin suke kiransu "strade bianche", watau fararen hanyoyi. Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya wajen kare su kuwa mahaya keke ne.

Abin dariya a nan shi ne, mahaya keke su ne suka fara kukan a gyara hanyoyi. A shekarar 1880 suka kafa wata ƙungiya a Amurka, wadda ta daɗe tana matsa wa hukuma lamba a kan ta gina hanyoyi masu sumul, tun mota ba ta zama abin hawan kowa ba. Bayan shekara ɗari da 'yan kai sai ga magadansu suna gudun kwalta, suna neman tsakuwa. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke zuwa makaranta a kan burji ya san cewa tsakuwa ta fi kwalta cin ƙarfi. Tambayar da za mu bi a wannan maƙala ita ce, ina wannan ƙarfi yake tafiya? Kafin mu kai ga amsa dole mu san ƙasar da hanyar ta bi, da tsakuwar da aka zuba mata, sa'an nan mu zo kan taya da jikin mahayi.

Yadda fararen hanyoyi suka tsira

Tsawon ƙarnuka manoman Tuskani sun rayu ne a ƙarƙashin tsarin noman raba-daidai. Mai ƙasa yana birni, manomi da iyalinsa suna zaune a gida ɗaya tilo a tsakiyar gona, amfanin da aka girbe kuma a raba biyu. Kowane gida yana bukatar hanyar da za ta haɗa shi da kasuwa da injin niƙa da coci, don haka karkarar ta cika da ƙananan hanyoyi kamar saƙar gizo-gizo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu suka buɗe a birane, matasa suka yi ta ƙaura, a shekarar 1964 kuma aka yi dokar da ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar raba-daidai. Gidaje da yawa suka zama kango. A daidai lokacin da Italiya take shimfiɗa kwalta ko'ina, waɗannan hanyoyi ba su da isassun masu bi da za a kashe musu kuɗi. A gaskiya ƙaura da talauci ne suka fara ceto su, ba hangen nesan kowa ba.

A shekarar 1997 wani mutumin garin Gaiole mai suna Giancarlo Brocci ya shirya hawan keke da ya sa wa suna L'Eroica, ma'ana hawan jarumta, domin tunawa da 'yan tseren da, da kuma kare fararen hanyoyin da suka rage. Mutum 92 suka fito a karon farko. Sharaɗin shiga shi ne keken ya zama ƙirar 1987 ko kafin haka, ko wanda aka ƙera bisa tsarin wancan zamani. Yanzu dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam suna taruwa a watan Oktoba, kuma doguwar hanyar, mai kimanin kilomita 209, an kafa mata alamomi na dindindin yadda kowa zai iya bin ta a kowane lokaci. A 2007 aka fara gasar ƙwararru, wadda daga baya aka sa wa suna Strade Bianche, ana ƙare ta a babban dandalin Siyena. Fabian Cancellara ɗan Suwizalan ya ci ta a 2008 da 2012 da 2016, har aka laƙaba sunansa ga zangon Monte Sante Marie mai tsawon kilomita 11.5. Mata sun sami tasu gasar a 2015. Da baƙi suka fara zuwa, masauki da gidajen abinci suka sami ciniki, sai hanyar da ake gani abin kunya ta zama jari.

Ƙasar da teku ya bari

Kudu maso gabas da Siyena akwai yankin da ake kira Crete Senesi, watau yumɓun Siyena. Kimanin shekara miliyan 2.5 zuwa miliyan 4.5 da suka wuce wannan wuri ƙarƙashin teku yake. Laka mai laushi ta yi ta kwanciya a gindin tekun, bayan nan ƙasa ta ɗago, ruwa ya janye, ya bar tulin yumɓu mai launin toka. Har yau ana tsintar ɓawon dodon-koɗi na teku a cikin gonakin alkama, nesa da gaɓa. Daga nan koguna suka kama aiki. Arbiya ya gangaro daga tuddan Chianti ya haɗu da Ombrone a garin Buonconvento, Orciya ya biyo ta gefen dutsen Amiata, wanda tsohon dutse ne mai aman wuta da ya mutu, shi ma ya faɗa cikin Ombrone, Ombrone kuma ya kwashe su duka zuwa teku kusa da birnin Grosseto. A 2004 hukumar UNESCO ta sa kwarin Orciya cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Yumɓu yana da hali. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. In ya jiƙe sai ya kumbura ya yi santsi, in ya bushe sai ya tsattsage. Ruwan sama da ya kasa shiga ƙasa sai ya kwaranya a bisa, ya yanka kwazazzabai a jikin tudu. Wannan ne ya sa manyan hanyoyi, irin su tsohuwar hanyar Cassia da layin dogo, suka bi shimfiɗaɗɗen gindin kwarin Arbiya inda aka kashe kuɗi wajen gadoji da ciko, amma ƙananan hanyoyin manoma da yawa suka haye kan doron tuddai inda ruwa ba ya kwanciya. Hanya za ta bi doron tudu, ta gangara ta ƙetare rafi, ta sake hawa tudu na gaba. Wanda ya ji an ce "kwarin kogi" yakan zaci tafiya ce a miƙe kamar a fadama. Mahayin da ya bi doguwar hanyar L'Eroica, in aka tara dukan hawan da ya yi, ya hau fiye da mita 3,000, alhali babu wani dogon dutse ɗaya da ya fuskanta.

Tsakuwa suna ta tara

Masana ƙasa suna rarraba ƙwayoyi bisa girmansu. A ma'aunin da Wentworth ya tsara a 1922, duk abin da ya wuce milimita 2 tsakuwa ne, daga milimita 2 zuwa kashi ɗaya cikin 16 na milimita yashi ne, ƙasa da haka sai laka, mafi ƙanƙanta kuma yumɓu. Kogi shi ne babban mai tankaɗe. A 1935 wani masani ɗan Suwidin, Filip Hjulström, ya nuna dangantakar gudun ruwa da girman abin da yake iya ɗauka. Inda ruwa yake gudu da ƙarfi yakan mirgina tsakuwa, da ya rage gudu sai ya ajiye ta, ya ci gaba da yashi, in ya ƙara lafawa ya ajiye yashin, laka da yumɓu kuwa sai inda ya malala ya kwanta. Wannan ne dalilin da ya sa masu tipa suke ɗibar yashi a cikin kogi, magina tukwane kuma suke haƙar yumɓu a gefen fadama.

Sai dai tsakuwar kogi ba ta yi wa hanya kyau. Doguwar tafiya a cikin ruwa ta goge mata kusurwoyi, ta zama mulmulalliya, in taya ta taka ta sai ƙwayoyin su mirgina a kan juna kamar gurjiya a faifai. Tsakuwar da aka fasa daga dutse tana da kaifi da kusurwa, in aka danne ta sai ƙwayoyin su cije juna. John McAdam ɗan Sikotilan ya gina sunansa a kan wannan a farkon ƙarni na 19: a fasa dutse ƙanana, a shimfiɗa, a daddanne, a yi wa hanya doro a tsakiya domin ruwa ya zube gefe. Fararen hanyoyin Tuskani galibi fasasshen dutsen farar ƙasa ne, daga nan suka sami launinsu. Hanya mai kyau tana bukatar gauraye, watau tsakuwa mai ɗaukar nauyi, yashi mai cike giɓi, da ɗan yumɓu kaɗan mai ɗaure su. In yumɓu ya yi yawa sai ta zama taɓo. Masu kallon gasar Giro d'Italia ta 2010 sun ga haka a zangon Montalcino, inda ruwan sama ya mai da hanya laka har ba a gane fuskar 'yan tsere. In kuma yumɓun ya yi kaɗan, ko motoci sun kwashe shi a matsayin ƙura, sai tsakuwa ta warware. Marmarar da ake yin burji da ita a ƙasarmu tana bin wannan ƙa'ida, jan launinta kuma daga tsatsar ƙarfen da ke cikinta ne.

Akwai wata cuta da ke kama duk hanyar da ba ta da kwalta, daga Tuskani har Zamfara, watau ƙananan kunyoyin nan da ke jeruwa a gicciye suna sa haƙoran fasinja karo. Mutane kan ɗora laifin a kan iska ko ruwa. Keith Mather ya wallafa sakamakon wani gwaji a 1963, inda ya riƙa juya taya a da'ira a kan busasshen yashi, ya ga kunyoyi sun fito da kansu muddin gudun ya wuce wani ƙaramin mizani. Taya ta hau ɗan tudu, ta yi tsalle, ta sauka ta tura ƙasa gaba, ta haifar da wani tudun, tayar da ta biyo baya kuma ta ƙara masa girma.

Ina ƙarfin yake tafiya?

Abubuwa uku ne ke cin ƙarfin mahayin keke: iskar da yake kutsawa, nauyin da yake ɗagawa in yana hawa, da turjiyar da ke tsakanin taya da ƙasa. Bari mu ɗauki mahayi mai nauyin kilogiram 70 a kan keke mai kilogiram 10, yana tafiyar kilomita 20 a awa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ana auna saurin kashe ƙarfi da wat, kamar yadda ake rubutawa a jikin ƙwan lantarki. Kutsa iska zai ci masa wat 40 zuwa 55, gwargwadon yadda ya sunkuya. A kan kwalta mai kyau turjiyar taya ba ta wuce kashi 5 cikin 1,000 na nauyinsa ba, watau wat 20 da ɗoriya. A kan tsakuwa wannan kaso yana iya ninkuwa biyu ko uku, in ya ninku uku ya zama kusan wat 65. Ke nan tafiyar da za a yi da wat 70 a kan kwalta tana iya neman fiye da wat 110 a kan tsakuwa, gudun kuwa bai canja ba.

Iska tana da wata ɗabi'a da ya kamata ɗalibin lissafi ya lura da ita. In aka ninka gudu biyu, ƙarfin da ake bukata don kutsa ta yakan ninku takwas. Wannan ya sa a tseren kwalta mahaya suke cunkushewa wuri ɗaya, kowa yana fakewa bayan wani. A kan tsakuwa dabarar fakewa tana raguwa, domin na baya yana shan ƙura, ba ya ganin rami, kuma layin da ya daddannu sau da yawa ɗan siriri ne inda tayoyin mota suka bi. Ayari yakan tarwatse, kowa tasa ta fisshe shi. A 2024 Tadej Pogacar ɗan Sulobeniya ya tsere wa abokan karawarsa a zangon Monte Sante Marie saura kilomita 81 a kai ƙarshe, ya yi sauran tafiyar shi kaɗai har Siyena.

Turjiyar taya ita ce ta fi bukatar bayani, domin a nan ne yawancin mutane suke da gurguwar fahimta. Tana da sassa biyu. Na farko yana cikin robar kanta: duk inda taya ta taɓa ƙasa sai ta ɗan lotsa, in ta wuce ta dawo, amma ba ta mayar da dukan ƙarfin da aka lotsa ta da shi, saura yakan zama zafi. Ƙara iska yana rage wannan lotsawa, shi ya sa mai faci yake buga taya har sai ta yi tauri kamar dutse, a kan kwalta mai sumul kuma yana da hujja. Sashe na biyu yana bayyana ne a kan gargada. Taya mai tauri in ta ci karo da tsakuwa ba ta haɗiye ta, sai dai keken gaba ɗaya da mahayinsa su ɗaga sama. Ƙarfin da ya ɗaga su daga gudun keken aka cire shi, kuma ba ya dawowa, domin naman jikin mahayi da kayan cikinsa sun girgiza sun shanye shi, ya zama zafi. Taya mai ɗan laushi kuwa takan lanƙwashe ta rungumi tsakuwar ta wuce, nauyin da ke bisa bai motsa sosai ba. Gwaje-gwajen da aka yi daga shekarun 2000 zuwa yau sun tabbatar da cewa kowace hanya tana da matsin iskar da ya dace da ita, in aka wuce shi keke yakan ƙara nauyin tafiya, ko da yake girgizar tana sa mahayi ya ji kamar yana gudu.

Saboda haka keken tsakuwa na zamani yake da taya mai faɗin milimita 38 zuwa 45 ko fiye, inda na tseren kwalta yake da 25 zuwa 30, kuma matsin iskarsa bai kai rabin wanda 'yan tseren da suke bugawa ba. Faɗin ne yake ba da damar rage iska, don in aka rage wa siririyar taya iska, da ta daki dutse sai bakin ƙarfen gare ya matse tub ya huda shi wuri biyu kamar saran maciji. Yanzu da yawa sun daina sa tub, suna zuba wani ruwan roba a cikin taya wanda yake toshe ƙaramin huji da kansa, ko na ƙayar tsidau ne. In mai karatu ya dubi tsohon keken Raleigh ko Phoenix da manomi yake ɗora wa buhu, zai ga tayarsa ta kusa wannan faɗi. Turawa sun yi dogon zagaye sun dawo inda keken kasuwar ƙauye yake tsaye tun da. Wanda ya fara yaɗa taya mai iska ma, John Boyd Dunlop, likitan dabbobi ne a Belfast, kuma a 1888 ya yi ta ne domin ɗansa da ke shan girgiza a kan ɗan kekensa.

Hawa shi ne mafi sauƙin lissafi. Ɗaga kilogiram 80 zuwa tsayin mita 100 yana bukatar jul 78,400, watau 80 sau 9.8 sau 100, ko a kan kwalta ko a kan tsakuwa. Bambancin yana wajen riƙo. A kan kwalta mahayi na iya miƙewa tsaye a kan feda ya yi amfani da nauyinsa, kamar yadda ake yi a hawan ƙarshe na shiga Siyena, inda titi yake tashi mita 16 a kowace mita 100. In ya yi haka a kan tsakuwa nauyi ya bar tayar baya, sai ta yi ta juyawa a banza tana watsa duwatsu. Dole ya zauna a kan sirdi ya sauya zuwa giya mai sauƙi. A gangare kuma, damƙe birkin gaba a tsakiyar kwana shi ne hanya mafi sauri ta zuwa asibiti.

Injin keke shi ne mahayinsa

Tsoka tana ƙona abinci da taimakon iskar oksijin, amma kashi 20 zuwa 25 cikin 100 kawai na makamashin ne yake zama aiki a kan feda. Sauran duk zafi ne. Hawan mita 100 da muka lissafa a baya zai ci wa jiki kusan kilokalori 80, kwatankwacin ƙaramar ayaba ɗaya. Mahayin da yake fitar da wat 150 yana ƙona kusan kilokalori 550 a awa, yana kuma samar da zafi na wajen wat 500 a cikin jikinsa, kamar an kunna masa ƙwan lantarki biyar masu wat 100 a ƙarƙashin riga.

Babbar hanyar fitar da wannan zafi ita ce gumi, da sharaɗin ya bushe a kan fata. Lita ɗaya ta gumi in ta ƙafe tana tafiya da kimanin kilojul 2,400, wanda ya ɗiga ƙasa kuwa asara ce. A ranar zafi mahayi na iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa, da gishirin da ke cikinta. A nan ne hanyar tuddai take da mugunta: lokacin da jiki ya fi samar da zafi, watau a kan hawa, shi ne lokacin da gudu ya fi raguwa, iskar da ke busar da gumi ta ɗauke. Jini kuma ana rububinsa tsakanin tsoka mai neman oksijin da fata mai neman a kawo mata zafi ta zubar, zuciya ta ƙara bugu don ta gamsar da su. Da asuba lamarin yakan juye. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, da dare takan gangara ta taru a gindin kwari, ta haifar da hazon da ya shahara a hotunan kwarin Orciya. Mahayin da ya jiƙe da gumi a kan tudu sai ya gangara cikin wannan sanyi yana karkarwa. Manomin rani da ke sammako zuwa fadama a lokacin hunturu ya san wannan bambanci a fatarsa.

Sai batun guzuri. Jiki yana ajiye sukari a siffar gilaikojin, kimanin giram 400 a tsokoki da giram 100 a hanta, jimla wajen kilokalori 2,000. Kitse ya fi haka yawa nesa ba kusa ba, amma ƙona shi yana da nawa, ba ya isar aiki mai tsanani shi kaɗai. Wanda zai yi awa goma ko fiye a kan kilomita 209 zai ƙona sama da kilokalori 5,000. In bai ci komai ba, bayan 'yan awoyi ajiyar hanta za ta ƙare, sukarin jini ya faɗi, ƙwaƙwalwa kuma, wadda ta dogara ga gulukos, ta fara ruɗewa: jiri, da rawar hannu, da rashin iya yanke shawara, a kan hanyar da kowane daƙiƙa take neman a zaɓi inda taya za ta bi. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa, tun kafin yunwa ta zo. A zangunan L'Eroica akan ba mahaya miyar wake da burodi ta gargajiyar Tuskani. Dabino da ruwa za su yi aikin.

Girgiza ma tana da nata haraji. Tsokokin hannu da kafaɗa da baya suna ɗaurewa ba hutu don su tsare jiki, suna cin makamashi ba tare da sun tura keke ko taku ɗaya ba. Akwai kuma wata jijiya da ta bi ta gefen tafin hannu zuwa ƙaramin yatsa da na kusa da shi, in aka daɗe ana danna ta a kan hannun keke sai yatsun su mutu na ɗan lokaci. Maganinsa sauya riƙo akai-akai da sassauta gwiwar hannu.

Maƙwabtan hanya

Ga masanin halittu, gefen hanya ya fi tsakiyarta ban sha'awa. A ƙasar da garma ta mamaye, ɗan zirin da ke tsakanin hanya da gona yakan zama mafakar tsirrai da ƙwari. A Crete Senesi akwai wasu ƙananan tuddai farare masu kama da kifaffiyar ƙwarya, farin nasu gishirin tsohon teku ne da rana take jawowa sama. Tsiro kaɗan ne ke jure wurin, cikinsu akwai wani ɗan'uwan tazargade wanda tumaki ke ci. Yawancin waɗannan tuddai katafila ta baje su a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 don faɗaɗa gonakin alkama, abin da ya rage ana tsare shi a 'yan keɓaɓɓun wurare. Da dare beguwa takan ƙetare hanya, irin beguwar nan tamu mai dogayen ƙayoyi, wadda Italiya ce babbar mazauninta a Turai. Da bazara alhudahuda yakan iso daga Afirka. Haka nan wani nau'in shaho mai siraran fukafukai, da yake yin sheƙa a ƙasa cikin gonakin hatsi na Turai, har da na Tuskani, sa'an nan ya ƙetare Sahara ya yi hunturu a yankin Sahel yana cin fara. Injin girbi yakan hallaka 'ya'yansa a can, maganin feshi da ƙarancin ciyawa su rage masa abinci a nan.

Mota ba ta iya gudu sosai a kan tsakuwa, don haka dabbobin da ake takewa sukan ragu. Amma kada a ɗauka hanyar tsakuwa ba ta da illa. Ƙurarta tana rufe ganye, ta toshe ƙananan ƙofofin da tsiro yake numfashi da su, ta rage hasken da yake haɗa abinci da shi. In aka yi ruwa, lakar da ta wanke daga hanya takan shiga rafi, ta cike giɓin da ke tsakanin tsakuwar gindin ruwa inda kifi yake zuba ƙwai, ƙwan su rasa oksijin. Hanyar da ba ta da doro da lambatu da kwalbati ita kanta takan zama kwazazzabo cikin 'yan damuna.

A ganina bai dace a ɗauko labarin Tuskani a ce wa mutanen wani ƙauye a fadamar Haɗeja ko ta Rima su yi alfahari da taɓo ba. Mutumin Buonconvento yana da kwalta da jirgin ƙasa da za su kai shi asibitin Siyena, farar hanya ƙari ce a kansu. Inda hanya ɗaya ce tak, kuma take yankewa wata uku da damina, mace mai naƙuda da manomin tumatir ne ke biyan kuɗin. Abin da za a iya ɗauka daga can shi ne cewa hanyar tsakuwa da aka gina bisa ƙa'ida, ake kuma bi ana gyara doronta da magudananta, tana aiki shekara da shekaru, kuɗinta kuwa bai kama ƙafar na kwalta ba. Yawancin abin da muke kira burji ba a taɓa yi masa wannan hidima ba.

Gwaji ga malamai da ɗalibai

Ana iya auna turjiyar taya a harabar makaranta da keke ɗaya, da famfo, da igiyar awo. A sami ɗan gangare mai sauƙi wanda ya ƙare a shimfiɗaɗɗen fili. A auna tsayinsa da igiya da sanda, mu ce mita ɗaya. Ɗalibi ya hau keke daga saman gangaren, ya sake shi ba tare da taka feda ko taɓa birki ba, har ya tsaya da kansa. A auna nisan daga inda ya tashi zuwa inda ya tsaya. In aka raba tsayin da nisan za a sami kimanin kason turjiyar: mita ɗaya a raba da mita 80, alal misali, ya ba da 0.0125. Amsar za ta ɗan fi ta gaskiya girma saboda iska ma ta ci nata, amma a ƙaramin gudu irin wannan kuskuren ba shi da yawa.

A maimaita sau biyar a ɗauki matsakaici, sa'an nan a rage iskar tayoyin kaɗan a sake, a ci gaba da ragewa mataki-mataki, ana ƙirga yawan bugun famfo in babu ma'aunin iska. In akwai hali a yi gwajin a kan kwalta ko siminti, a kuma yi shi a kan burji, a zana sakamakon biyun a takardar giraf ɗaya. Mahayi ya zama mutum ɗaya daga farko har ƙarshe, da zama iri ɗaya, kuma a yi aikin da sassafe kafin iska ta taso. A tsayar da ɗalibi guda a ƙarshen filin don tare awaki da ƙananan yara.